Yadda Na Zama Ɓarauniyar Littafin Da Na Rubuta Da Hannuna

Edita, sallama gare ka da masu bibiyar wannan fili. Don Allah ka sakaya sunana. Ni ma ba zan kama sunan kowa ba, duk da wallahi akwai waɗanda suka cancanci a kira nasu da lasifika.

Lokacin da abin ya faro ina da shekara ashirin da bakwai, ban cika shekara da aure ba, na biyo maigidana Kuala Lumpur inda ya samu tallafin karatun digiri na uku. Ni ba karatu ya kai ni ba. Bizar 'yan rakiya aka ba ni, ba aiki ba sana'a, takardar digirina ta Turanci tana ƙasan akwati tare da turaren wuta. Muna zaune a Wangsa Maju, hawa na goma sha ɗaya. Maigida ya fita tun da safe ya hau jirgin ƙasa na cikin gari, LRT, ba zan sake ganinsa ba sai Magariba. In share gidan da ba wanda ya ɓata, in ɗora girkin mutum biyu, in tsaya a taga ina kallon jirage suna wucewa. Kaɗaici ya so ya taɓa mini ƙwaƙwalwa, sai na koma wa tsohon ciwona, wato rubutu.

Na ce ciwo ne domin haka Yayata ta ɗauke shi. Ita ce babba a ɗakinmu, malamar Turanci ce a wata sakandare a Kano, mace ce da ko saƙon barka da Sallah ka tura mata sai ta gyara maka waƙafi. Ina aji uku a sakandare ta tsinci littafin da nake rubuta labaran soyayya a ƙarƙashin katifata. Ta zauna a tsakar gida ta karanta wa kowa da muryar shaƙiyanci, ta bi shi layi-layi da jan biro, ta rubuta uku cikin goma a ƙarshe. Har mahaifiyarmu sai da ta dara. Babanmu ne kaɗai, Allah ya jiƙansa, bai yi dariya ba. Ya kira ni ya fere mini lemo da rezarsa yadda ya saba, ɓawon ya fito zare guda bai tsinke ba, ya rataya mini shi a kunne ya ce ga ɗankunne in share hawayena. Tun ranar na ɗaukar wa kaina alkawari cewa sai na miƙa wa Yaya littafi bugagge, da sunana da na Babanmu a bango, in tsaya in kalli fuskarta. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma duk abin da na yi daga baya saboda wannan ranar na yi shi.

Shekara biyu da rabi na yi a kan littafin. Da Turanci na rubuta, ina sirka Hausa a hirar masoyan. Labarin wata ɗaliba ce mai karatun haɗa magunguna a unguwar Setapak ta nan Kuala Lumpur, da wani saurayi da ke kawo wa ɗalibai kuka da daddawa da yaji daga gida. Ita ba ta iya girki ba amma kullum tana sayen daddawa, shi ya gane amma ya yi kamar bai gane ba. A babi na bakwai na sa mahaifin yarinyar yana fere mata lemo. Ranar da na rubuta wannan wurin ban iya cin abinci ba.

Ina tsakiyar rubutun na haihu. Mahaifiyarmu ba ta samu zuwa ba, ga ni haihuwar fari a ƙasar da ba dangin iya ba na baba. A nan wata baiwar Allah ta shigo rayuwata, matar wani ɗalibi ce da suka daɗe a ƙasar, suna zaune a Cheras, kowa Anti yake ce mata. Ba zan ci mata haƙƙi ba, ta yi mini abin da uwa take yi. Kullum da safe ta haɗo jirgi da bas ta zo, ta dafa ruwa ta yi mini wankan jego da ganyen darbejiya da ta samo a kantin Indiyawa, ta dama mini kunun kanwa, ta gasa cibiyar yarinya. Haka ta yi har na yi arba'in. Ita ce kuma admin ɗin wani guruf na waya da ya haɗa matan Najeriya na garin, matan aure da 'yan mata ɗalibai, mun kai mu sittin. Wata rana ta tarar da ni ina danna kwamfuta da hannu ɗaya, jaririya a ɗayan, ta leƙa ta karanta, ta riƙe baki ta ce ashe marubuciya suke da ita suna zaune da ƙishirwa. Ta matsa lallai in dinga sako musu feji-feji a guruf kamar yadda marubutan gida suke yi.

Na kuwa fara. Na ɓoye sunana na sa Maman wance, da sunan 'yata. A saman kowane feji na rubuta abin da na ga marubutanmu suna rubutawa, cewa ban yafe ba ga duk wadda ta fitar mini da labari waje, kuma Allah ya isa tsakanina da ita. Wannan layin shi ne ƙofata, shi ne kwaɗona, shi ne maigadina. Na rantse a lokacin gani nake na kulle littafin nan ba mai iya taɓa shi. Sai yabo ya fara zuba. Wannan ta ce na sa ta ƙona miya, waccan ta ce in saurayin nan bai furta ba a fejin gobe za ta zo har Wangsa Maju ta shaƙe ni. 'Yan matan su yi ta turo murya suna ihu, wai Maman wance more lah, more, wato a ƙaro musu. Ni da na yi shekaru ba wanda ya ce da ni sannu a kan rubutu, kaina ya kumbura. In na sako feji ba na iya ajiye waya sai na ƙirga sharhi. Cikin wata huɗu na zazzage musu littafin kaf, har da sadaukarwar da na yi wa Babanmu.

A daidai lokacin ne na fara neman hanyar bugawa, na kuma gano cewa manyan kamfanonin buga littafi na Turai ba sa kallon marubuci sai ta hannun ejan. Ejan ɗin nan dillaliya ce kawai da ta yi boko: ita za ta ɗauki kayanki ta kai wa masu saye, in an saya ta cire la'adarta. Sai dai wannan dillaliyar ke ce za ki roƙe ta. Za ki aika mata wasiƙa shafi guda ki tallata littafinki, ki haɗa da taƙaitaccen labarin da babi uku na farko, sannan ki zauna jira. Wasiƙata ta farko in na tuna ta yanzu kunya kamar in nutse. Rabin shafi na cinye ina gaisuwa, ina tambayar iyali da aiki, sannan na ce ga wani ɗan ƙoƙari da na yi ko da bai kai ba a yi haƙuri a duba. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba a yabon kai. Su kuwa so suke a layin farko ki ce ga yarinya, ga abin da take so, ga abin da ya tare mata hanya. Sai da na sake wasiƙar nan ya fi sau ashirin kafin na cire kunyar daga cikinta.

Na aika wa fiye da mutum arba'in. Yawancinsu ko tari ba su yi ba. Waɗanda suka amsa, amsa iri ɗaya ce kamar sun haɗa baki, wai labarin yana da daɗi amma bai dace da su ba. Wani ya ce soyayyar ta yi sanyi, ta yaya za a kai babi na ƙarshe masoya ko hannu ba su riƙe ba. Wata ta ce tunda 'yan Najeriya ne tana so ta ga wahala ta fi haka, a sa yunwa ko bindiga. Ranar na zagi allon kwamfuta kamar yana jina. Wato mu ba mu isa mu yi soyayya cikin ƙoshi da lafiya ba sai an harbe wani? Amma a cikin wannan fafutukar na karanta wani abu a shafukansu, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, cewa ba sa karɓar littafin da ya riga ya fita ko'ina, har da intanet. Na karanta, na gane, na kawar da kai.

Ana haka Anti ta zo mini da wata buƙata. Ta ce ƙanwarta a gida tana da ciki likita ya ɗora ta a gado, kaɗaici yana damunta, in haɗa mata littafin duka a dokumen guda, wato a fayil ɗaya daga farko har ƙarshe, ta tura mata ita kaɗai. Na fara kame-kame, na ce akwai gyare-gyaren da ban gama ba. Ta kalle ni ta yi murmushi ta ce haba ƙanwata, ni ce fa. Ta rantse ko mijin yarinyar ba zai gani ba, ta ce ai ga Allah ya isa nan a sama, wa zai yi gangancin ɗaukar wannan a kansa. To ku gaya mini, matar da ta ga tsiraicina, ta durƙusa a banɗakina kwana arba'in tana watsa mini ruwan zafi, da wane baki zan ce mata a'a? Na haɗa na tura mata tana zaune a falona tana shan shayina. Ko minti biyar abin bai ɗauka ba.

Bayan wata biyar, wata ejan a Landan ta amsa. Ta ce babi ukun sun hana ta sakat, in turo sauran. Na tura. Bayan sati uku ta nemi mu yi magana ta bidiyo. Safiyarsu ce, mu kuwa yamma ta yi, ana irin ruwan nan na Kuala Lumpur mai tsawa, na goya yarinya na ɗaura mayafina mafi kyau na zauna. Matar nan ta karanta littafin da gaske. Ta ce abin da ya kama ta shi ne wannan soyayyar da ba a taɓa hannu, ta ce in bar ta yadda take. Ta kawo maganar lemo ta ce nan ta ajiye littafin ta kira mahaifinta. Hawaye ya cika mini ido. Can wajen ƙarshe ta ce tana da tambaya ta al'ada, ko wani ɓangare na littafin ya taɓa fita a wani wuri, a takarda ko a intanet, ko da da wani suna ne. Na ce a'a. Wannan ne laifina kuma ba zan ɗora wa kowa shi ba. A raina na ce ai guruf ɗaki ne, hira ce tsakanin mata, kuma ƙanwar Anti mutum ɗaya ce a kan gado. Amma na san abin da take tambaya, na kuma san amsar da na bayar ba ita ba ce. Ta ce to madalla, sati mai zuwa za ta turo takardar yarjejeniya in sa hannu.

Washegari maigida ya kai mu Kampung Baru muka ci gasasshen kifi, yana ta tsokanata wai daga yau sai ya nemi izini kafin ya ga marubuciya. Sau uku ina ciro waya in kira Yaya ina mayarwa. Na ce a'a, ba da baki zan gaya mata ba, a hannu zan miƙa mata.

Kwana shida bayan nan ina tsaye a shagon mamak na ƙasan gidanmu, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, ina jiran a ƙulle mini gurasarsu ta roti in tafi da shi sama, saƙon ejan ya shigo. Ba gaisuwa irin ta da. Ta ce kafin su ɗauki kowane littafi sukan ɗauki jimla ɗaya daga ciki su bincika a intanet, kuma sun tarar da littafin nan cikakke a shafuka da dama, da sunan wata marubuciya daban. Ta ce tana so in yi mata bayanin alaƙata da wannan littafi. Alaƙata da shi! Na danna inda ta nuna. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Littafina ne, harafi da harafi, har da kuskuren rubutun da na bari a babi na tara. An cire Maman wance an sa wani sunan alƙalami mai taurari a gefe da gefe. An cire sadaukarwar Babanmu. Abin da ya fi komai muni shi ne saman shafin farko. Ɓarauniyar ta goge Allah ya isa tawa ta rubuta tata, ta fi tawa tsawo, wai ta sha wahala ta hana idonta barci, duk wanda ya sace mata wannan littafi sai sun tsaya a gaban Allah. Wallahi ban san sanda na yi wata irin dariya ba, mutane suka juyo suna kallona.

Don in wanke kaina daga sata dole na tona ƙaryata da hannuna. Na tura wa ejan hotunan fejin da na dinga sakawa a guruf da kwanan watansu, da tsofaffin fayilolin da ke kwamfutata. Amsarta gajeriya ce. Ta ce ta yarda ni na rubuta, kuma ta yi baƙin ciki. Amma ta tambaye ni ido da ido na ce mata a'a, kuma aikinta ba ya yiwuwa da wanda ba za ta iya dogara da maganarsa ba. Ta ƙara da cewa ko da ta yafe wannan, ba kamfanin da zai sayi littafin da ke yawo kyauta da sunan wata, ga rigimar mallaka a kansa. Ta yi mini fatan alheri. Na sake rubuta mata har sau biyu ina roƙo, ba ta ƙara amsawa ba.

Ban jira maigida ya dawo ba, na saɓi yarinya sai Cheras. Na tarar da Anti tana suyar cincin. Na nuna mata wayar, ta goge hannu ta duba, ta ce ikon Allah. Ta kira ƙanwar a gabana, ita kuma ta ce ƙawarta ɗaya tak ta tura wa, wadda ta zo dubiya. Ɗaya tak! Kowa ɗaya tak yake tura wa. Da Anti ta ce mini yi haƙuri na cuce ki, wallahi da na yi kukana na tafi. Amma sai ta koma kan kaskonta tana juya cincin, ta ce ita ba ta ga abin ɗaga jijiyar wuya ba, labari ne fa ba gwal ba, ai ma talla aka yi mini, tunda kan yana nan in rubuta wani. Nan idona ya rufe. Na ce mata maciya amana, na ce ta yi rantsuwa ta ci, na ce shekara biyu da rabi na rayuwata ta bayar kamar ragowar tuwo. Ta ajiye matsami ta ce lallai, yau ita nake gaya wa haka, ita da hannunta ya sale a ruwan zafina. Na ce da na san kuɗin wankan ke nan da na yi da ruwan sanyi. Wannan maganar ba ta dace ba, na sani, amma ta riga ta fita.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ƙona mini rai har yau. Kafin Juma'a magana ta zagaye gari, ba maganar an sace littafi ba, maganar wance ta zagi Anti. Bayan an sauko daga masallaci maza suka tsayar da maigidana. Ya dawo fuska a ɗaure ya ce mu 'yan kaɗan ne a ƙasar mutane, matar nan ta girme ni kuma ta yi mana halacci, in shirya mu je in ba ta haƙuri. Na ce to ni wa zai ba ni? Ya ce in bar wa Allah. Na ce zan fito da sunana na gaskiya a intanet in ce littafina ne, ga hujjoji. Ya ce sam, littafi bugagge daban, amma ba zai yarda matarsa ta tsaya tana cacar baki da 'yan intanet a kan labarin soyayya ba, abokan karatunsa da danginsa suna kallo. Na rubuta wa ɓarauniyar a ɓoye, ta toshe ni, ta kuma sanar wa masoyanta cewa mahassada sun fara fitowa, suka yi ta tsine wa mahassada ina karantawa. Ranar Lahadi na sayi kankana da ayaba, muka je Cheras, na durƙusa na ba Anti haƙuri. Ta ce ba komai ta yafe, yarinta ce. Ta yafe! Da daddare aka cire ni daga guruf, wai don a samu zaman lafiya. Cikin mata sittin da suka yi ta ihun more, uku ne suka kira ni, su ma a ɓoye.

Na ɗauka an gama da ni, ashe da saura. Bayan wata huɗu, ina shanya a baranda, saƙon Yaya ya shigo: dokumen guda da murya mai tsawo. Ta ce wani littafi ne malamai suke ta yayi a ofishinsu, ita da ba ta karanta shirmen soyayya ta cinye shi a kwana biyu. Ta ce ni da nake ta ƙaryar rubutu tun ina yarinya in zauna in karanta in ga yadda ake yi. Ta ce akwai inda uban yarinyar yake fere lemo, nan ta rufe ofis ta yi kuka, ashe akwai wani uba a duniya irin namu. Ta ce da alama marubuciyar ta zauna a garin da muke, Kuala Lumpur, in na san ta in gaishe ta, in ce mata wata malama a Kano ta ba ta tara cikin goma, ɗayan ma don kuskuren da ke babi na tara ne. Na zauna a ƙasan baranda cikin jiƙaƙƙun kaya. Shekara goma sha bakwai ina jiran makin nan, ga shi ya zo, an miƙa wa wata.

Na rubuta mata cewa ni ce na rubuta. Ta turo dariya, ta ce Allah ya shirye ni har yanzu ban bar mafarki ba, ai ta san hannuna tun ina aji uku. Sai na tura mata hotunan nan da na tura wa ejan, har da shafin sadaukarwa mai sunan Babanmu. Ta buɗe, sai bayan kwana biyu ta neme ni. Da ta kira muryarta a dashe take. Ta ce ta shiga ofis ta gaya wa malamai ƙanwarta ce ta rubuta, suka kwashe da dariya suka nuna mata sunan da ke sama. Ta ce me ya sa ban gaya mata ba tun farko, da ta hana ni wannan sakarcin. Ban iya ce mata saboda ita na ɓoye ba. Bayan sati guda ta turo mini hoto. Ta je shagon kwamfuta an buga mata littafin a farar takarda an ɗinke da baƙar roba irin ta aikin ɗalibai. Ta sa jan bironta ta soke sunan ɓarauniyar, ta rubuta nawa da na Babanmu a sama.

'Yan'uwana mata masu rubutu, musamman ku da kuke zaune a ƙasar wasu kaɗaici yana cin ku, ku ji daga bakin wadda ta ƙone. In kina da burin kai littafinki ga ejan ko kamfani, kada ki saka shi a guruf, ko na mutum goma ne, ko 'yan ɗakinku ne. Yabon nan da ke sa ki kasa ajiye waya na kwana biyu ne, ranar da abin ya ɓaci ba za ki ga ko ɗaya ba. Allah ya isa tana tsorata mai tsoron Allah ne, wadda ba ta da shi sharewa za ta yi ta rubuta tata. Ki koyi cewa a'a ko ga wadda ta yi miki wankan jego, ki saka mata da atamfa, da girki, da addu'a, da duk abin da kike iyawa, amma ban da littafinki. In kuma kin riga kin saka, aka tambaye ki, ki faɗi gaskiya ko da za ta ja miki asara, domin ni na yi asarar kuma na haɗa da sunan maƙaryaciya. Mun dawo gida yanzu, ina kan littafi na biyu, ko maigidana bai ga layi ɗaya ba. Anti muna gaisawa da Sallah. Ban huce ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na huce ba. Littafina na farko yana cikin wayoyin mutanen da ba zan taɓa sanin adadinsu ba, amma kwafi ɗaya ne a duniya mai ɗauke da sunana, shi ma da jan biro aka rubuta, kuma ban ga fuskar Yaya ba ranar da ta karanta shi.